Ramin Ƙazanta na Landan da Tsabtar Kogin Thames: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da aka kammala haɗa sabon ramin da ya bi ta ƙarƙashin kogin Thames a farkon 2025, tambayoyi iri ɗaya ke ta dawowa a tsakanin 'yan'uwa mazauna Landan da garuruwan kewaye, musamman ranar da takardar kuɗin ruwa ta iso gida. Wani yana son sanin ko ruwan famfo na da lafiya, wata tana tambayar dalilin da ya sa ake cajin ta kuɗin aikin da ba ta taɓa gani da ido ba. An tattara su a nan, an faro daga tushe.

Wai da gaske ne ana zuba bahayan mutane a kogin da ya ratsa tsakiyar Landan?

Da gaske ne, kuma ba a ɓoye aka riƙa yi ba, haka aka tsara tun asali. A tsohon cikin garin Landan, magudana ɗaya ce ke ɗaukar ruwan ban-ɗaki da na wanka da na wanke-wanke, ita ce kuma ke ɗaukar ruwan saman da ya sauka kan rufin gidaje da tituna. Idan ba a ruwa, duk wannan matata yake gangarawa, a tace shi sannan a sake shi cikin kogi. Da an yi ruwa mai ɗan ƙarfi sai magudanar ta cika maƙil. Daga nan ɗayan biyu ne: ko ƙazantar ta komo baya ta ɓullo a ban-ɗakunan mutane da ɗakunan ƙasa da kan titi, ko a buɗe mata hanya ta faɗa kogi. Injiniyoyin ƙarni na 19 suka zaɓi na biyu, suka bar ƙofofin amai a jikin bangon kogin. Akwai 57 a ɓangaren da ruwan teku ke shigowa.

Wanda ya taso a Kano ko Maradi zai ga abin baƙo, domin a can akasari masai na da raminsa a cikin gida, kwata kuma ta kwashi ruwan wanka da na sama. A Landan tamkar an haɗa bakin masai da kwata ne, sannan aka binne su tare a ƙarƙashin titi.

Wa ya yi wannan tsari, kuma me ya hana shi raba ruwan sama da ƙazanta?

Joseph Bazalgette ne, babban injiniyan hukumar ayyukan birnin a wancan zamani. Kafin shi, gidajen Landan ramin masai gare su, masu kwasa su zo da dare su kwashe. Da masai na zamani mai ja da ruwa ya yaɗu, ramukan suka riƙa tumbatsa, hukuma ta ce a haɗa gidaje da magudanan ruwan sama, su kuwa kai tsaye kogi suke zuba. Daga wannan kogin kuma ake ɗiban ruwan sha. Kwalara ta yi ta kwasar mutane dubu-dubu, a 1832 da 1849 da 1854. A lokacin zafi na 1858 kogin ya ɗauki ɗoyi har 'yan majalisa, da zaurensu ke bakin ruwa, suka kasa zama. Abin da mutuwar talakawa ta kasa yi, warin da ya shiga hancin manya ya yi: cikin kwana 18 doka ta wuce, aka ba da izinin neman kuɗi.

Bazalgette ya gina manyan magudanai, kusan kilomita 130, masu tare ƙazantar kafin ta isa kogi, su gangara da ita gabas zuwa Beckton da Crossness. Bai raba ruwan biyu ba domin ƙananan kogunan birnin, irin su Fleet da Tyburn da Effra, tuni sun zama hanyar ƙazanta har an rufe su. Rabawa na nufin a haƙe kowane titi, a shiga kowane gida.

Mutumin ya yi hangen nesa, ya auna aikinsa da mutum miliyan 4 a lokacin da birnin bai kai haka ba. Yau mazauna Landan sun kusan miliyan 9. Filayen da a da ke shanye ruwa an shafe su da kwalta da siminti, har lambunan ƙofar gida an mai da su wurin ajiye mota. Ƙofofin da aka yi don ruwan da ba a saba gani ba suka koma buɗewa kusan kowane mako.

Ƙazantar da ke shiga kogin ta kai nawa?

Kafin a fara gyara, ana ƙiyasta tan miliyan 39 a shekarar da aka yi ruwa daidai-wa-daida. A shekara mai ruwa da yawa ya wuce haka. Wasu ƙofofin, ruwan da bai fi milimita 2 ba ya isa ya sa su amai. Ba tsantsar bahaya ba ne, mafi yawansa ruwan sama ne da ya gauraya da na gidaje, amma babu ɗigonsa da ya bi ta matata.

Ai kogi tafiya yake yi. Ba zai kwashe ta zuwa teku ba?

Thames a cikin Landan ba tafiya ɗaya yake yi ba. Daga Teddington zuwa bakin teku, ruwan na cikowa ya janye sau biyu a rana, a wasu wurare tazarar ta kai mita 7. Abin da aka zuba a Chelsea ko Hammersmith zai gangara, ya dawo, ya sake gangarawa, ya yi makonni kafin ya fita.

Babbar illar ita ce shaƙe kogin. Ƙwayoyin halittar da ke cin ƙazanta suna zuƙe iskar oksijin da ke cikin ruwa, kifi ya rasa abin numfashi. Abin ya fi muni lokacin zafi, idan aka jima ba ruwa, kogi ya yi ƙasa ya yi ɗumi, sannan hadari ya sauko lokaci guda ya wanko dauɗar da ta kwanta a magudanai. Haka ta faru a Agustan 2004, dubban kifaye suka taso matattu a yammacin birnin. Shi ya sa aka tanadi jiragen ruwa na musamman da ba su da aiki sai hura oksijin cikin kogin bayan irin wannan ruwa. Ga kuma ƙwayoyin cuta irin su E. coli, ga tarkacen da mutane ke jefawa a masai da ke tsayawa a gaɓa.

A 1957 an ayyana wannan ɓangare na kogin a matsayin mataccen ruwa. Gyaran matatu ya farfaɗo da shi, har binciken da ƙungiyar nazarin dabbobi ta Landan ta fitar a 2021 ya ambaci nau'in kifi sama da 100. Aman magudanai ne ya rage yana mai da hannun agogo baya.

To mene ne wannan rami da ake ta magana a kai?

Sunansa Thames Tideway Tunnel. Tsawonsa kilomita 25, faɗinsa mita 7.2, wato motocin bas uku za su jeru a ciki. Ya faro daga Acton a yamma, ya bi ƙarƙashin kogin ta tsakiyar gari, ya karkata zuwa Abbey Mills kusa da Stratford a gabas. A farkonsa zurfinsa kamar mita 30 ne, a ƙarshensa ya haura mita 60. An ba shi gangare kaɗan, mita ɗaya a duk mita 790, domin ruwan ya tafi da kansa ba tare da an tura shi ba. Akwai rassa biyu da ke shigowa cikinsa, ɗaya daga Wandsworth, ɗaya daga Greenwich.

An ba da izinin aikin a 2014, aka fara a 2016 a wurare 24. Injinan haƙa shida ne suka yi aikin, kowanne da sunan wata mace da ta yi fice a tarihin Birtaniya, suka ratsa yumɓu a yamma, yashi da tsakuwa a tsakiya, farar ƙasa a gabas. Haƙar ta ƙare a 2022, ginin ya ƙare a Maris 2024, aka haɗa ƙofa ta ƙarshe cikin 21 a Fabrairun 2025. Sarki Charles na Uku ya buɗe shi a hukumance a watan Mayun 2025. An ƙera shi ya yi shekara 120 yana aiki.

Yaya yake aiki ranar da aka tafka ruwa?

Ramin ma'aji ne, ba ya tace komai. A bakin kowace tsohuwar ƙofar amai da aka haɗa da ramin an gina ɗaki da ke tare ruwan da a da zai faɗa kogi, ya juya shi zuwa wata rijiya mai zurfi. Da za a bar ruwa mai yawa haka ya faɗa mita 40 ko 50 a tsaye, da sannu zai farfasa gindin rijiyar, don haka aka yi bututun yadda ruwan zai riƙa murɗawa yana sauka a jikin bango, ƙarfinsa ya karye kafin ya isa ƙasa. Iskar da ruwan ya kora tana fita ta dogayen turakun da ake gani a bakin kogi, bayan ta bi ta matacin gawayi saboda wari.

Daga Abbey Mills ruwan ya shiga wani ramin da aka riga aka haƙa, ramin Lee, ya isa matatar Beckton. A can manyan famfuna shida ke ɗago shi daga zurfin kusan mita 80, su miƙa wa matata gwargwadon abin da za ta iya. Ramukan biyu tare suna ɗaukar mita miliyan 1.6 na ruwa a ma'aunin kubik. Idan sun cika, kwashewa na ɗaukar kamar kwana biyu. Wannan jinkiri yana da muhimmanci; duba amsar abin da ke faruwa idan ramin ya cika.

Wannan ramin shi kaɗai ne aikin da aka yi?

A'a, shi ne na uku kuma mafi girma. Da farko an faɗaɗa manyan matatu biyar da ke zuba a wannan ɓangare na kogin: Beckton da Crossness da Mogden da Long Reach da Riverside. Sannan aka haƙa ramin Lee mai tsawon kilomita 6.9, wanda ya fara aiki a 2016 ya toshe ƙofar amai mafi girma a birnin, ta Abbey Mills. Waɗannan biyun sun rage tan miliyan 39 ɗin zuwa wajen 18. Sauran ne Tideway ya zo ya kwashe. A riƙe wannan lissafi, domin a kansa masu suka suka kafa hujjarsu, kamar yadda za a gani a amsar ko akwai hanya mafi arha.

Me ya sa sai yanzu, bayan shekara fiye da 150?

Matsin doka. A 1991 ƙasashen Turai suka kafa ƙa'idar tattarawa da tace ruwan ƙazantar birane, Birtaniya kuma tana ciki a lokacin. An kafa kwamitin nazarin matsalar Thames a farkon shekarun 2000, ya ba da shawarar rami a 2005, amma aka yi ta jan ƙafa kan kuɗi da hanyar da zai bi da unguwannin da za su sha hayaniyar gini. A Oktoban 2012 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa Birtaniya ta saɓa ƙa'idar a Landan, tara mai nauyi kuma na jiran ta. Bayan shekara biyu izini ya fito.

An fara ganin amfaninsa?

An fara. A wani ruwa da aka tafka a Satumban 2024, lokacin ƙofofi huɗu kacal aka haɗa, ramukan sun tare mita 589,000 na kubik cikin awa 24. Kafin a gama haɗawa a Fabrairun 2025, kamfanin da ya gina ramin ya ce an riga an hana tan miliyan 5.5 shiga kogin. Abin da aka yi alkawari shi ne rage aman magudanai a wannan ɓangare da kashi 95 cikin ɗari.

Yawan abin da aka tare abu ne mai sauƙin aunawa. Lafiyar kogi kuwa sai an bi ta shekaru ana duba oksijin da kifi da ƙwayoyin cuta, a rani da damina, kafin a yi magana da ƙarfi.

Idan ramin ya cika fa?

Sai a koma gidan jiya: ƙofofi su buɗe, ragowar ta faɗa kogi. Ba a toshe su gaba ɗaya ba, kuma ba za a toshe ba, domin in aka yi haka gidajen mutane ne za su karɓi abin. Lissafin masu ƙira shi ne hakan zai faru kamar sau huɗu a shekara maimakon kusan kowane mako, jimillar abin da zai zube kuma ta sauko zuwa tan miliyan 2 da 'yan kai. Akwai sauƙi ta wani gefen: ruwan farko, wanda ya fi dauɗa, shi ne ramin ke fara haɗiyewa, abin da ya malala daga baya ya fi tsinkewa.

Haɗarin yana wajen ruwa biyu a jere, na biyu ya iso kafin a kwashe na farko. Masana yanayi kuma suna cewa ruwan da ke sauka da ƙarfi lokaci guda zai ƙaru a Ingila. A san kuma cewa ba don hana ambaliyar tituna aka yi ramin ba. Irin ambaliyar da ta shiga gidaje da tashoshin jirgin ƙasa a Yulin 2021 ta samo asali ne daga ƙananan magudanan unguwa da suka kasa haɗiye ruwan, tun kafin ya kai inda ramin yake.

To me ya sa har yanzu muke jin labarin ƙazanta a Thames?

Domin da sauran rina a kaba. Ramin ya kama ƙofofin da ke tsakanin Acton da gabashin gari ne kawai. Matatar Mogden da ke Isleworth tana sama da inda ya faro, ita ma idan tankunanta sun cika kogi take zubawa. A Oktoban 2020 ta saki lita fiye da biliyan 2 cikin kwana biyu. Sama da ita akwai garuruwa irin su Oxford da Reading, kowanne da matatarsa da ƙofofinsa. A Ingila baki ɗaya akwai irin waɗannan ƙofofi kusan 15,000, kuma a 2023 sun yi awa miliyan 3.6 suna zuba.

Sai ƙananan kogunan birnin, Brent da Crane da Wandle da Roding da Ravensbourne. A unguwannin bayan gari magudanan a rabe suke, ɗaya ta ƙazanta, ɗaya ta ruwan sama da ke tafiya rafi kai tsaye. Matsalar can ita ce haɗin kuskure: mai gyaran famfo ya zo ya sa injin wanki ko sabon ban-ɗaki, ya jona bututun da magudanar ruwan sama. Gidan na zuba ƙazanta a rafi kullum, ko ana ruwa ko ba a yi, mai gidan bai ma sani ba. Ga kuma abin da ruwa ke wankowa daga tituna: baƙin mai, da ɓurɓushin taya da na birki. Babu ɗaya cikin waɗannan da ramin ya taɓa.

Ruwan famfon gidana fa, yana da lafiya a sha, a yi alwala?

Yana da lafiya. Ba daga ɓangaren da ake magana a kai ake ɗibar sa ba. Mafi yawan ruwan shan Landan daga saman Teddington yake fitowa, inda teku ba ya kaiwa, da kuma kogin Lee. A tara shi a manyan tafkuna, a tace, a sa masa sinadarin kilorin. Ragowar daga rijiyoyin ƙarƙashin ƙasa ne. Akwai hukuma ta daban, Drinking Water Inspectorate, da ke sa ido kan ingancinsa.

Farin abin da ke kamawa a cikin butar shayi ba dauɗa ba ne, alli ne daga farar ƙasar da ruwan ya ratsa. Abin lura a tsofaffin gidaje shi ne, famfon sanyi na kicin ya fi dacewa da sha, domin na ban-ɗaki a wasu gidajen daga tankin saman rufi yake zuwa. Gidajen da aka gina kafin 1970 kuma wasunsu na da bututun dalma. Mai shakka ya nemi kamfanin ruwa ya gwada.

Nawa aka kashe, kuma wa ke biya?

Tsakanin fam biliyan 4.5 da 5, ban da ramin Lee da gyaran matatu. Ƙiyasin farko a wajen 2005 fam biliyan 1.7 ne. Ba gwamnati ce ta zuba kuɗin ba, ba kuma Thames Water, kamfanin ruwan yankin, ne ya gina ba. An kafa kamfani na musamman, Bazalgette Tunnel Limited, wanda aka fi sani da Tideway, masu zuba jari suka sa kuɗi, gwamnati ta tsaya musu a kan wasu manyan haɗura domin su samu bashi mai rahusa.

Masu biya su ne duk wanda Thames Water ke kwashe wa ruwan ƙazanta, kuma tun ana cikin gini aka fara saka kuɗin a takardarsu. An ce kason kowane gida zai tsaya tsakanin fam 20 da 25 a shekara bisa darajar kuɗin 2014, bayan da farko an yi hasashen 70 zuwa 80. Mazaunin Oxford ko Swindon ma yana biya, ko da bai taɓa taka bakin kogin a Landan ba, kuma ƙorafinsa ba na banza ba ne.

Kuɗin ruwana ya tashi sosai a 2025. Ramin ne ya jawo?

Kaɗan ne nasa a ciki. A Afrilun 2025 matsakaicin kuɗin gida a yankin Thames Water ya tashi daga fam 488 zuwa 639 a shekara. Kwatanta da kason ramin a amsar da ta gabata. Ƙarin ya zo ne daga shirin gyare-gyare na shekara biyar da hukumar Ofwat mai sa ido kan kamfanonin ruwa ta amince da shi, na matatu da bututun da ke yoyo da ƙofofin amai na sauran yankin, ayyukan da da yawansu sun daɗe da cancantar a yi su.

A nan ne ran mutane ke ɓaci, kuma da dalili. An sayar da Thames Water ga 'yan kasuwa a 1989 ba bashi a kansa, zuwa 2025 bashinsa ya kai wajen fam biliyan 20, bayan shekaru ana raba riba. An ci shi tarar fam miliyan 20 a 2017 kan zubar da ƙazanta a saman kogin, sannan a Mayun 2025 Ofwat ta ci shi kusan fam miliyan 123. Ko kamfanin ya durƙushe famfo ba zai ƙafe ba, doka ta tanadi yadda gwamnati za ta naɗa masu riƙo.

Mai ƙaramin ƙarfi kada ya yi shiru. Akwai shirin WaterHelp da ke rage kuɗin ga gidaje masu ƙaramin samu. Akwai kuma WaterSure da ke sa wa kuɗin iyaka, ga gidan da ke da mita, yake karɓar tallafin gwamnati, kuma yake da 'ya'ya uku ko fiye ko majinyaci mai buƙatar ruwa da yawa. Gidajenmu da dama masu yara sun cika sharaɗin ba su nema ba.

Babu wata hanya mafi arha da za a bi?

An yi wannan muhawara da zafi. Farfesa Chris Binnie, wanda ya shugabanci kwamitin da ya ba da shawarar ramin, daga baya ya juya masa baya. Hujjarsa ita ce kuɗin ya ninka, kuma ramin Lee da gyaran matatu sun riga sun kawo mafi yawan sauƙin da ake nema. Wasu suka nuna Philadelphia a Amurka, wadda tun 2011 ta ɗauki hanyar hana ruwan sama shiga magudana tun farko: lambuna a gefen titi, rufin gida mai shuka, daɓe mai shanye ruwa. Masu goyon bayan rami suka amsa cewa yumɓun Landan ba ya shan ruwa da sauri, cikin gari ya cushe, kuma irin wannan aiki zai ɗauki shekaru da dama kafin ya yi tasirin da kotu ke nema.

A ganin mai wannan rubutu, ramin ya cancanci a yi shi. Tan miliyan 18 a shekara ba ƙaramin abu ba ne da za a ce a jira bishiyoyi su girma. Amma masu suka sun yi gaskiya a abu ɗaya: rami ba ya rage ɗigon ruwa ko ɗaya da ke shiga magudana, jira kawai yake ya karɓa. Muddin ana ci gaba da shafe filaye da siminti, sararin da aka saya da biliyoyin nan raguwa zai riƙa yi. Aikin lambunan shanye ruwa da aka ce a yi a madadinsa yana nan yana jira a yi shi a bayansa.

Yanzu za a iya iyo a kogin, ko a kai yara gaɓa, ko a kama kifi?

Iyo tsakanin gadar Putney da Crossness haramun ne tun 2012 sai da izinin hukumar tashar jiragen ruwan Landan, kuma dalilin bai tsaya ga dauɗa ba: igiyar ruwan na da ƙarfi, ruwan na da sanyi, ga jirage. Birnin Paris ya buɗe wuraren iyo a kogin Seine a Yulin 2025 bayan haramcin da ya faro tun 1923, magajin garin Landan Sadiq Khan ma ya yi alkawari a 2024 cewa kogunan birnin za su kai matsayin iyo cikin shekara goma. Ba a kai can ba tukuna. A tseren kwale-kwalen jami'o'in Oxford da Cambridge na 2024 sai da aka gargaɗi 'yan wasa kada su shiga ruwan saboda yawan E. coli.

Yawo a gaɓa idan ruwa ya janye ba laifi, amma a duba lokacin cikowa, domin yana dawowa da sauri ya datse matakalar fita. A sa wa yara takalmi mai rufi, a rufe duk wani rauni, a wanke hannu kafin a ci abinci, a kuma ƙaurace wa wurin kwana biyu bayan ruwa mai ƙarfi. Kamun kifi na buƙatar lasisi daga hukumar kula da muhalli, akwai kuma iyaka kan abin da za a tafi da shi gida. Kifin nan mai kama da maciji, da ake kira eel da Turanci, dole a mayar da shi ruwa, domin yana gab da ƙarewa.

Abin da muke zubawa a gida yana da wani tasiri?

Sosai. Man da aka soya kaza ko ƙosai, kitsen nama, manja, duk ruwa-ruwa suke shiga bututu, su daskare idan sun isa wuri mai sanyi. Bin su da ruwan zafi da sabulu ɗan gaba kawai yake tura su. A can sai su haɗu da jiƙaƙƙen tishu na goge jarirai, wanda ba ya narkewa ko da an rubuta a jikin ledar cewa ana iya jefa shi a masai. A 2017 an tarar da irin wannan dunƙule a Whitechapel mai nauyin tan 130, tsawonsa mita 250, ma'aikata suka yi makonni suna sarar sa. Magudanar da ta toshe rabi, ruwa kaɗan ne zai sa ta amai, wani lokaci a cikin gidan maƙwabci. Kusa da gadar Hammersmith kuwa tishun ya taru a gaɓa har ya zama tsibiri.

A bar mai ya huce, a juye a gwangwani ko kwalba a sa a shara, a goge kasko da takarda kafin a wanke. Masai kuwa, ban da abin da ya fito daga jiki da takardar ban-ɗaki, kada a jefa komai: ba audugar mata, ba ƙunzugun yara, ba tsinken goge kunne. Masu tsarki da buta, a nan kam kun riga kowa. Mai gida da zai ƙara ban-ɗaki ko ya matsar da injin wanki ya tabbatar an jona shi da magudanar ƙazanta, saboda abin da aka faɗa kan haɗin kuskure. Doka mai gidan take kamawa, ba mai gyaran ba.

Ta yaya zan san ko ana zuba ƙazanta kusa da ni, kuma wa zan gaya wa?

Tun farkon 2023 Thames Water ke da taswira a intanet da ke nuna kowace ƙofar amai a yankinsa, ko tana zuba yanzu, ko ta zuba cikin awa 48 da suka wuce. Tideway ma na wallafa adadin abin da ramin ya tare. Ƙofar da ke zuba alhali an kwana biyu ba a yi ruwa ba, wannan ba ƙa'ida ba ce, ya kamata a kai rahoto.

Idan aka ga matattun kifaye, ko ruwa ya yi fari-fari yana wari, ko tishu na fitowa daga bakin bututu a rafin unguwa, a ɗauki hoto, a lura da wurin da lokacin, a kira layin gaggawa na hukumar kula da muhalli, kyauta ne kuma dare da rana yake aiki. Idan ƙazanta ce ta komo cikin gida ko tsakar gida, Thames Water za a fara kira, mai haya kuma ya sanar da mai gida. Bututun da ke cikin harabar gida wanda gidan kaɗai ke amfani da shi, gyaransa na mai gida ne. Daga inda ya haɗu da na maƙwabta ko ya fita titi, na kamfani ne. Wanda ya kai ƙorafi ba a saurare shi ba yana iya ɗaukaka shi zuwa CCW, hukumar da ke kare masu biyan kuɗin ruwa, ita ma ba ta karɓar ko kwabo.